Yadda ake auna ingancin takardar bayanin manhajar alƙaluman kuɗi kafin a danƙa ta ga wakilin ƙirƙirarriyar basira

Wani Alhaji ɗan garinmu da ke da shago a unguwar Balad cikin Jidda, wanda ya daɗe yana tura turare da dabino da jallabiyoyi zuwa Kano, ya nemi in haɗa masa wakilin ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke gudanar da aiki da kanta a madadin mutum, wanda zai riƙa duba masa farashin 'yan hannayen jarin da ya saya a Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, ya kuma faɗa masa canjin riyal da naira kowace safiya. Na yi rajista da wani kamfani mai sayar da alƙaluman kasuwanni, na jona manhajarsu da wakilin, na gwada ranar Laraba, na ga komai ya tafi daidai. Ranar Lahadi da hantsi sai ga kiran Alhaji, yana cewa, "Malam, wannan yaron naka ya ce mini yau kasuwa a rufe take, ga ta kuwa tana ci a wayata." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa la'asar."

Da na bi diddigi sai na tarar laifin yana cikin jimla guda ɗaya. Takardar bayanin manhajar ta ce ana samun farashi a ranakun aiki, amma ba ta faɗi waɗanne ranaku ne ba. Shi kuwa wakilin sai ya cike giɓin da abin da ya fi sabawa da shi, wato Litinin zuwa Juma'a, ya yanke hukunci cewa Lahadi hutu ce, bai ma aika wa manhajar tambaya ba. Tadawul tana ci ne daga Lahadi zuwa Alhamis, kuma haka take tun da Saudiyya ta mayar da hutun mako zuwa Juma'a da Asabar a shekarar 2013.

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, to amma wakilin ƙirƙirarriyar basira ba shi da wanda zai tambaya a lokacin da yake tsakiyar aiki. Mai rubuta manhaja idan ya ga abin da bai gane ba zai juya ga abokin aikinsa, ko ya aika wa kamfanin saƙo, ko ya tuna da abin da ya taɓa gani a wani wuri. Wakili kuwa abin da aka rubuta masa shi ne idonsa, kuma inda rubutun ya yi shiru, zato yake yi, sannan ya faɗi sakamakon zaton da murya irin ta wanda ya tabbatar. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa tambaya ɗaya suke bi: a ina ne takardar ta bar wakilin ya yi zato, kuma nawa zaton zai ci wa mai kuɗi?

Mataki na farko: a tantance wace takarda ce wakilin yake karantawa

Yawancin kamfanonin da ke sayar da alƙaluma suna da bayani iri biyu. Akwai dogon bayanin da ke shafinsu na intanet, mai hotuna da misalai, wanda aka rubuta wa mutane. Akwai kuma gajeren bayanin da ke tafiya tare da manhajar kanta, wanda shi kaɗai ne ke shiga hannun wakilin. Idan manhajar tana bin MCP, wato ƙa'idar jona wakili da wasu manhajoji, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, kowane aiki da wakili zai iya sa manhajar ta yi yana zuwa da abubuwa uku: sunansa, da 'yan jimlolin da ke bayyana abin da yake yi, da tsarin guraben da za a cike, wanda ake rubutawa da wani salo mai suna JSON Schema. Idan kuma ƙofar API ce ta yau da kullum, wato hanyar da wata manhaja ke bi ta aika wa wata tambaya, galibi za a samu fayil na OpenAPI mai ɗauke da makamancin wannan.

Ka fitar da wannan gajeren bayanin yadda yake, ka liƙa shi a fayil guda, ka rufe shafin kamfanin. Daga nan har ƙarshen aunawar, duk abin da ba ya cikin wannan fayil ka ɗauke shi a matsayin babu shi, ko da kuwa an yi masa babi guda a shafin intanet. Na sha ganin manhajar da shafinta ya yi bayanin komai dalla-dalla, amma abin da wakili yake gani kalmomi uku ne kacal, ma'anarsu "samo farashin hannun jari".

Mataki na biyu: a yi masa karatun baƙo

Baƙo ko da ido makaho ne, kuma a wannan mataki so ake ka mayar da kanka baƙo da gangan. Mafi sauƙin hanya ita ce ka ba wani wanda bai taɓa ganin manhajar ba fayil ɗin, ka ce ya amsa maka tambayoyi huɗu game da kowane aiki ba tare da ya buɗe wani shafi ba: me aikin yake dawowa da shi, yaushe ya kamata a kira shi, yaushe bai kamata ba, kuma me ya bambanta shi da aikin da ke kusa da shi. Ni kan ba wani ƙanena da ke karatu a Madina, wanda bai san komai game da kasuwar hannun jari ba, domin rashin saninsa shi ne amfaninsa a nan. Duk inda ya ce, "Yaya, ina jin dai nufinsu kaza ne," sai in ja layi a wurin, saboda a daidai nan wakilin ma zai ce yana jin.

Tambaya ta huɗu ce ta fi kama takardu da yawa. Za ka ga aiki biyu ko uku masu sunaye kusan iri ɗaya, ɗaya na farashin yanzu, ɗaya na farashin rufe kasuwa, ɗaya na tarihin farashi, kuma bayanin kowannensu ya fara da kalmomi iri ɗaya. Takarda mai inganci takan faɗi ƙarara cewa idan ana son farashin kwanakin baya kada a yi amfani da wannan, a koma ga wancan, ta ambaci sunansa.

Mataki na uku: yadda ake kiran sunan kamfani

A kasuwannin Amurka ana gane kamfani da haruffa, amma a Tadawul lamba ce mai alƙaluma huɗu. Aramco 2222 ne, Bankin Al Rajhi 1120, SABIC 2010, kamfanin sadarwa na STC kuma 7010. Masu sayar da alƙaluma kowa da irin wutsiyar da yake ƙara wa lambar: Yahoo Finance na rubuta 2222.SR, tsarin Reuters kuma 2222.SE. Akwai kuma lambar shaida ta ƙasa da ƙasa, wato ISIN, mai gurbi 12, wadda ta kamfanonin Saudiyya ke farawa da SA. Ka duba ko takardar ta faɗi wanne daga ciki take karɓa, tare da misali na gaske daga kasuwar da ta shafe ka. Misali ɗaya tilo na wani kamfanin Amurka bai isa ba, domin wakilin zai kwaikwayi siffarsa ya aika da kalmar ARAMCO, ko ya aika da lambar babu wutsiya.

Hatsarin lamba tsirara shi ne kasuwannin Hong Kong da Tokyo da Taiwan su ma da lambobi suke amfani, don haka manhajar da ke ɗauke da kasuwanni da yawa tana iya dawo da farashin wani kamfani dabam ba tare da ta nuna an yi kuskure ba. Ka tabbatar amsar tana zuwa da cikakken sunan kamfanin da sunan kasuwar, kuma takardar ta ambaci wani aiki na neman lamba ta hanyar suna. Idan akwai shi, ka gwada shi da sunan Larabci da na Turanci, ka kuma ga ko ya haɗa da kamfanonin Nomu, ƙaramar kasuwar da aka buɗe a 2017, domin manhajoji da dama babbar kasuwa kawai suke ɗauka amma ba sa faɗa.

Mataki na huɗu: kowane adadi da ma'auninsa

A nan ne ya kamata ka zauna ka daɗe. Ka ɗauki amsa guda ta gaske daga manhajar, ka bi gurabenta ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka ko takardar ta faɗi ma'aunin kowane adadi. Gurbin da aka sa wa suna "farashi" kawai, da riyal ne ko da dala? Riyal ɗaya halala 100 ce, kuma akwai tsare-tsaren da ke ajiye kuɗi da ƙaramin ma'auni domin guje wa ɗigo, ta yadda riyal 27.50 zai fito a matsayin 2750. Wanda ya saba da kasuwar Landan ya san irin wannan tarkon, inda ake rubuta farashin yawancin hannayen jari da feni maimakon fam. Ya kamata kowace amsa ta zo da alamar kuɗi ta ƙa'idar ISO 4217, wato SAR ko USD ko NGN ko SDG, kuma takardar ta ce haka.

Rahotannin kuɗi na kamfanoni sun fi wannan ruɗani. Sau da yawa ana buga su da dubban riyal ko miliyoyi, a rubuta hakan da ƙananan haruffa a saman shafi, sai manhaja ta kwashe adadin ta bar wancan layin a baya. Wakilin da ya ga 450,000 ba zai san ko riyal dubu ɗari huɗu da hamsin ba ne ko miliyan ɗari huɗu da hamsin. Haka kuma gurbin canjin farashi: idan ya nuna 0.5, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, ko kashi hamsin, ko rabin riyal? Sannan akwai abin da ya keɓanci Saudiyya, wato zakka, wadda ke fitowa a matsayin layi mai zaman kansa a rahoton ribar kamfanoni. Idan takardar ta ce "riba" ta yi shiru, ka nemi sanin ko kafin cire zakka da haraji ne ko bayan cirewa. Kamfanonin da ke Tadawul sun koma ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa, wato IFRS, daga 2017, saboda haka takardar da ke ba da tarihin da ya wuce wannan shekara ya kamata ta ja hankali cewa alƙaluman baya da na bayan nan ba kai tsaye ake kwatanta su ba.

Canjin kuɗi kuwa shi ne abin da ya fi shafar mutanenmu da ke nan, masu aika kuɗi gida. Riyal ba shi da wahala, tun 1986 aka ɗaure shi a kan 3.75 ga dala ɗaya, kuma wannan ya ba ka gwaji kyauta: idan manhaja ta ba ka adadin da ya yi nisa da 3.75, akwai matsala, idan kuma ta ba ka kusan 0.267 to ta juya lissafin ne, kuma ya kamata takardar ta faɗi wane kuɗi ne ke gaba wane ne ke baya. Naira da fam ɗin Sudan labarinsu dabam ne, domin sun daɗe suna da farashin hukuma da na kasuwar bayan fage. A watan Fabrairu na 2021 babban bankin Sudan ya mayar da farashin hukuma daga fam 55 zuwa 375 ga dala a rana ɗaya, kuma a watan Yuni na 2023 babban bankin Najeriya ya haɗe farashin canjinsa wuri guda, darajar naira ta hukuma ta faɗi ƙwarai cikin 'yan kwanaki. Wakilin da ya ga irin wannan tsalle a tarihi ba tare da bayani ba zai iya ɗauka kuskure ne ya watsar, ko ya gina nazari a kansa kamar kasuwa ce ta motsa. Takardar da ba ta faɗi daga ina take samo canjin naira ba, ni ban ƙara yarda wakili ya faɗa wa ɗan kasuwa adadinta ba tare da gargaɗi ba, domin Alhaji da farashin 'yan canji yake lissafin kayansa, kuma ba lallai ne ya zo ɗaya da na banki ba.

Mataki na biyar: lokaci

Tambaya ta farko ita ce ko farashin na nan take ne ko mai jinkiri. Alƙaluman da ake bayarwa kyauta ko da rahusa galibi suna zuwa da jinkirin minti 15, wasu kuma na ƙarshen yini ne kawai. Wannan ba aibi ba ne idan an faɗa, amma dole ne a faɗa a cikin gajeren bayanin da wakili ke gani, kuma kowace amsa ta zo da hatimin lokacin da aka yi cinikin, ba lokacin da aka amsa tambayar ba. Waɗannan biyun sukan rikice, kuma bambancinsu shi ne ke sa wakili ya kawo farashin Alhamis ranar Asabar ya ce na yanzu ne.

Sai agogon da aka bi. Saudiyya tana gaban UTC, agogon da duniya ke aunawa da shi, da awa uku duk shekara, ba ta canja agogo da rani ko hunturu, kuma tana gaban Najeriya da awa biyu. Cinikin Tadawul yana farawa ƙarfe 10 na safe ya tsaya ƙarfe 3 na rana, sannan a yi ɗan gajeren gwanjon da ke fitar da farashin rufewa. Ga wani gwaji da nake yi wa kowace manhaja: ka nemi farashin yini na wata Lahadi, ka duba hatimin da ya zo da shi. Idan tsarin ya sa wa yinin hatimin sha biyun dare na agogon Riyad sannan ya juya shi zuwa UTC, zai koma ƙarfe 9 na daren Asabar, sai wakilin ya ba da rahoton ciniki a ranar da kasuwa ba ta buɗe ba, kuma duk makon ya goce da kwana ɗaya. Takarda mai kyau takan ce da ƙa'idar ISO 8601 take rubuta lokaci, shekara a gaba sai wata sai rana, tare da alamar agogon. Wadda ke rubuta 03/04/2024 ba tare da bayani ba ta bar wakilin tsakanin 3 ga Afrilu da 4 ga Maris.

Kada a manta da ranakun hutu. Kasuwar tana rufewa domin ƙaramar salla da babbar salla, waɗanda ke bin kalandar Hijira suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, da kuma ranar ƙasa ta 23 ga Satumba da ranar kafuwa ta 22 ga Fabrairu. Wakili ba zai iya lissafa hutun salla da ka ba. Ka duba ko akwai aikin da ke faɗin ko kasuwa a buɗe take, ko aƙalla takardar ta bayyana abin da manhajar ke dawowa da shi idan an nemi ranar hutu.

Mataki na shida: tarihin farashi, gyararre ne ko ɗanye

Idan kamfani ya raba wa masu jari hannayen jari na kyauta, ko ya tsaga hannun jari ɗaya gida-gida, farashin kowane ɗaya yakan sauka ba tare da kowa ya yi asara ba. Masu sayar da alƙaluma wasu sukan koma baya su gyara tsofaffin farashi domin su dace da na yanzu, wasu kuma su bar su yadda aka yi cinikin a ranar. Dukansu daidai ne a wurinsu, matsalar ita ce rashin faɗa.

Aramco ya ba mu ma'auni mai sauƙi. An sayar da hannun jarinsa ga jama'a a kan riyal 32, ya shiga kasuwa ranar 11 ga Disamba 2019, ya rufe ranar a kan riyal 35.2, wato ya hau da kashi 10 cikin ɗari, iyakar abin da aka yarda ya hau a yini. Bayan haka kamfanin ya raba hannun jari ɗaya kyauta ga kowane goma a 2022, ya sake yin haka a 2023, adadin hannayen jarinsa ya tashi daga biliyan 200 zuwa 220 sannan zuwa 242. Ka nemi manhajar ta ba ka farashin rufewa na 11 ga Disamba 2019. Idan ta ce 35.2, ɗanye ne. Idan ta ba ka kusan 29.09, wato 35.2 a raba da 1.21, an gyara shi domin rabon kyautar guda biyu. Idan kuma ta ba ka abin da ya yi ƙasa da haka sosai, to akwai alamar ta cire har da ribar da aka riƙa rabawa a tsabar kuɗi. Sai ka koma ga takardar ka ga ko abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da ka gani. Wannan gwaji na minti biyu ya taɓa nuna mini takardar da ta rantse cewa farashinta ɗanye ne, alhali gyararre take bayarwa. Da Alhaji ya tambayi wakilin nawa ya ci tun ranar da ya saya, da an ba shi lissafin da ya ƙirga kyautar sau biyu.

A wannan mataki kuma ka duba daga wace shekara tarihin ya fara, da kuma ko kamfanonin da aka cire daga kasuwa ko aka haɗe su da wasu suna nan a ciki. Bankin Samba, alal misali, ya haɗe da National Commercial Bank a 2021 suka zama Saudi National Bank, kuma takarda ya kamata ta faɗi abin da ke faruwa idan an nemi irin wannan tsohuwar lamba.

Mataki na bakwai: abin da manhajar ke faɗa idan abu ya lalace

Ka yi kuskure da gangan sau biyar ko shida. Ka aika da lambar da babu ita, da ranar Juma'a, da ranar da ba ta zo ba tukuna, da mabuɗin shiga mara kyau, sannan ka jero tambayoyi da sauri har ka wuce iyakar da aka yarda. Ka rubuta abin da ya dawo a kowanne ka kwatanta da takardar. Lambobin HTTP, waɗanda manhaja ke dawowa da su domin nuna abin da ya faru, irin su 401 na rashin izini da 404 na rashin abin da aka nema da 429 na wuce iyaka suna da amfani, amma wakili ya fi cin moriyar saƙo mai kalmomi da ke gaya masa abin da zai yi, kamar a ce masa lambar tana buƙatar wutsiyar kasuwa, ko ya jira daƙiƙa kaza kafin ya sake tambaya.

Mafi munin amsa ita ce wadda ta zo kamar an yi nasara amma babu komai a ciki, ko ta zo da sifili. Sifili a gurbin riba yana iya nufin kamfanin bai ci riba ba, yana iya nufin bai fitar da rahoto ba tukuna, yana kuma iya nufin kuɗin rajistarka bai kai ga wannan gurbin ba. Idan takardar ba ta rarrabe tsakanin waɗannan ukun ba, ka sa ta cikin manyan laifuffuka. Haka nan idan amsa mai tsawo tana zuwa shafi-shafi, dole a faɗi yadda wakili zai gane akwai saura, in ba haka ba zai ɗauki layi 100 na farko ya yi hukunci a kansu kamar su ke nan.

Mataki na takwas: karatu kawai ko har da taɓa kuɗi

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Ka ware ayyukan da ke karanta alƙaluma kawai daga waɗanda ke iya sa odar saye ko sayarwa ko motsa kuɗi. Ƙa'idar MCP tana da alamomin da mai manhaja zai iya sawa ya nuna cewa aiki na karatu ne kawai, sai dai alama ce da shi ya sa da hannunsa, ba shinge ba ce, don haka tsaron gaske shi ne mabuɗin shiga da ba shi da ikon ciniki tun asali. Ka kuma karanta sharuɗɗan lasisi ka ga ko an yarda a nuna wa wasu mutane alƙaluman, domin rajistar amfanin kai dabam take da ta rarrabawa. Idan manhajar tana cewa tana tantance hannayen jarin da suka dace da shari'a, abin da yawancin mutanenmu ke fara tambaya, to ta faɗi ma'aunin wace hukuma ko wane kwamitin malamai take bi da ranar da aka sabunta jerin, domin ma'aunan sun bambanta kuma matsayin kamfani yana canjawa da sabon rahotonsa.

Mataki na tara: a sa wakilin kansa a gaba

Gani ya kori ji. Bayan duk wannan karatu, ka rubuta tambayoyi kamar ashirin irin waɗanda mai amfani zai yi da bakinsa, da Hausa da Larabci da Turanci idan da su zai yi magana, kuma ka nemo amsar kowace da kanka daga shafin Tadawul ko na babban bankin Saudiyya, SAMA, kafin ka fara. Ka cakuɗa masu sauƙi da masu tarko: farashin Al Rajhi a yau, a yi tambayar ranar Juma'a, ribar SABIC ta bara bayan zakka, nawa riyal 5,000 zai zama da naira, yaushe kuɗin hannun jarin da aka sayar ranar Laraba zai tabbata, tunda tun 2017 kasuwar tana kammala ciniki bayan ranakun aiki biyu, wanda ya kai shi Lahadi ba Juma'a ba. Kowace tambaya ka maimaita ta sau uku a sabon zama, domin wakili yana iya dacewa sau ɗaya bisa sa'a.

Kada ka tsaya ga amsar ƙarshe. Ka buɗe rajistar aikin ka ga wane aiki ya kira, da me ya cike gurabe, sau nawa ya yi kuskure kafin ya dace. Duk kuskuren da ka gani, ka nemo jimlar da ta jawo shi ko jimlar da rashinta ya jawo shi. Ni ba na haɗa maki in fitar da matsakaici, saboda takardar da ta ci tara cikin goma amma ta yi shiru a kan ma'aunin kuɗi ta fi hatsari a kan wadda ta ci shida amma duk giɓinta na ƙawa ne. Kashi biyu nake yi. Kashi na farko kurakuran da ke bayyana kansu, inda wakili ya tsaya ya ce ya kasa, waɗannan ɓata lokaci kawai suke yi. Kashi na biyu kurakuran da ke fitowa da adadi mai kama da gaskiya, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa in hana a yi amfani da manhajar sai an toshe shi.

Toshewar kuwa sau da yawa tana hannunka. Ka aika wa kamfanin jerin abin da ka gano tare da misalan da za su iya maimaitawa, amma kada ka zauna jiransu. Kana iya rubuta naka gajeren bayanin ka ɗora a kan nasu, ko ka sa shi cikin umarnin da wakilin ke farawa da shi, sannan ka sake jera tambayoyin nan ashirin ka ga ko sun gyaru. Ka ajiye tambayoyin da amsoshinsu da kwafin takardar mai kwanan wata, domin kamfani yana iya canja sunan gurbi ko ma'anarsa ba tare da sanarwa ba, musamman idan takardarsa ba ta da lambar bugu ko rajistar sauye-sauye. Ni kan sake gwajin a farkon kowane wata da kuma bayan kowane hutun salla.

A manhajar Alhaji layi huɗu na ƙara: ranakun kasuwa da agogonta, wutsiyar da ake sa wa lamba, cewa farashin yana da jinkirin minti 15 kuma a riƙa faɗin lokacinsa tare da shi, da cewa canjin naira na hukuma ne, a faɗi haka duk lokacin da aka kawo shi. Lahadin da ta biyo baya da misalin ƙarfe goma da rabi na aika wa wakilin tambayar da Alhaji ya yi masa, ya kira aikin da ya dace da 1120.SR, ya kawo farashin tare da cewa na ƙarfe 10:15 ne agogon Riyad. Canjin naira kuwa har yanzu Alhaji yana kiran mutuminsa na Wapa a Kano kafin ya yanke farashin kaya, wakilin dai yana ba shi na hukuma ne ya ajiye a gefe domin kwatantawa.